Daraktan Da Ya Goyi Baya

A 2013 Alhaji Gwadabe ya naɗa ni darakta mai zaman kansa a kamfaninsa na casar shinkafa, wanda ake sayar da hannun jarinsa a kasuwar Legas. Ni, Ilu, tsohon hedimasta a Gummi, ban taɓa shugabantar abin da ya fi layin yara ba. Doka ce ta ce a sa wanda ba dangi ba cikin daraktoci, don ya riƙa tambaya. Alhaji kuwa shi ya kai Innarmu asibiti a ciwonta na ƙarshe. Ya san iyakar tambayata.

Yayata Saude ta ga hotona cikin littafin kamfanin, na sha hula. Ta sayar da shanun huɗarta biyu, ta sayi hannun jari.

"Tunda Ilu na ciki, babu cuta," in ji ta.

A taronmu na shekara ta uku, Saminu, ɗan Alhaji kuma manajan kuɗi, ya karanta cewa injin Gummi na aiki dare da rana. Kullum ina wuce injin nan a babur. Awaki ne ke kwana cikinsa, tun da aka kwashe kuɗin gyara aka ranta wa wani kamfanin Alhaji.

Na yi gyaran murya. Alhaji ya dube ni.

"Malam Ilu, akwai magana?"

"Ranka ya daɗe, na goyi baya."

Da Turanci ma na faɗa, mai kyau.

Bayan wata takwas masu binciken kuɗi suka zo Gummi da kansu, suka gaisa da awakin. Aka dakatar da cinikin hannun jarin.

Yaya Saude ta same ni a zaure, takardar hannun jarinta naɗe cikin leda.

"Ilu, kai ka san injin ga ya mutu?"

"Na sani, Yaya."

"To, da anka karanta ƙarya gabanka, mi kac ce?"

Na gaya mata. Ban rage komi ba, wannan karon da gaskiyar ba ta da sauran amfani.

Ta daɗe tana kallon ledar. Ta tambayi lafiyar iyali, ta tashi.

Daminar nan da fartanya 'ya'yanta suka yi huɗa, rabin fadamarta ya zauna ba shuka. Na aika mata kuɗin hayar shanu. Washegari suka dawo mini, ko ƙullin ba ta kwance ba.