Baƙuwa a Gidan Mijinta

"Hadima, buɗe get!"

Karo na uku ke nan Inna tana faɗa, har jijiyar wuyanta ta miƙe. Daga ɗan akwatin da aka maƙala a bangon falo, muryar nan mai sanyi kamar ta amarya ta sake amsawa: "Yi haƙuri, ba ki da izinin buɗe get."

A waje kuwa Mai Kitso ce, ƙawarta ta shekara arba'in, tsaye cikin rana tana ƙwanƙwasa ƙarfe da zobenta.

Kwana shida ke nan da ɗan Inna, wanda kowa ke kira Manaja, ya kawo masu haɗa wuta suka sa wa gidan kunne. Yanzu magana kawai za ka yi, fitila ta kama, fanka ta juya, labule ya ja kansa. Sakatar get ma cire ta suka yi. Wai saboda gwiwoyin Inna ya yi, kada ta riƙa tashi. Ta ji daɗi kuwa, har ta yi yini biyu tana kunna fanka tana kashewa ba don zafi ba.

Ta ja ƙafa ta fita tsakar gida, ta kai bakinta ramin da ake zura wasiƙa.

"Ƙawata, yi haƙuri, abin ne ya lalace."

"Lalacewa?" in ji Mai Kitso. "Ɗazu fa na ga jikarki za ta makaranta, tana magana ya wangale. Yarinyar da ko haƙoranta ba su gama fitowa ba. Ke dai faɗi gaskiya, kulle ki suka yi?"

"A gidana?"

"To ni dai ƙafata ba ta tsayuwa. Sai an sake ki."

Ta tafi tana dariya ƙasa-ƙasa. Wanda ya san Mai Kitso ya san kafin ta kai ƙarshen layi ta leƙa gida huɗu.

Da azahar surukar Inna ta dawo daga asibitin da take aiki. Magana ɗaya ta yi, get ya buɗe mata kamar mai neman gindin zama. Inna na tsaye a bakin falo, hannu a ƙugu.

"Ke 'yar nan, me na yi wa akwatin can?"

Surukar ta yi ta sosa kunne, daga baya dai ta ciro waya ta nuna mata. An kasa muryoyin gidan gida uku. A sama masu gida, Manaja da matarsa. A tsakiya iyali, yara biyu. Can ƙasa akwai hoton Inna ita kaɗai, har ɗankwalinta a karkace.

"Wannan rubutun da ke kaina fa?"

"Cewa aka yi... baƙi, Inna. Fitila da fanka kawai suke iya taɓawa. Wallahi sai da na hana shi. Ya ce wai kina buɗe wa kowa, mai tallan tsintsiya, mai neman ruwan sanyi, ranar nan har akuya ta biyo su ta cinye masa furanni. Kuma shi kaɗai ke iya canzawa."

Baƙi! Gidan da ta ɗebo wa magina ruwa da cikin wannan Manajan wata bakwai. Gidan da marigayi mijinta ya ja ta da hannu ya ce ta nuna inda take so a fasa ƙofa. Yau saboda furanni, furannin ma da ba a miya da su, an sa ta layi ɗaya da mai gyaran famfo.

Inna ta juya. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Bayan la'asar motar Manaja ta shigo, get ya rufe a bayansa. Yana fitowa ya tarar da uwarsa tsaye cikin mayafin unguwa, da ƙatuwar jaka a gabanta. Matan maƙwabta kuwa sun cika benen da ke kallon gidan, kowace wai shanya take kwashewa.

"Inna, ina zuwa haka?"

"Sannu da zuwa, maigida," ta ce da ƙarfi, har da ɗan rusunawa. "An gode da masauki, an gode da fanka. Baƙuwa za ta koma inda ta fito."

"Subhanallahi! Inna, tsarin na'ura ne kawai, ba wani abu ba ne. Mu shiga ciki in yi miki bayani."

"Na'urar ce ta ɗauki hotona ta kai ƙasa? Da hannun wa? Ni ban zo faɗa ba. Ba ni da izinin buɗewa, kai ke da shi. Faɗa wa hadimarka ta buɗe, uwarka za ta fita."

Ya dubi get, ya dubi bene. Shanya ta ƙare tuni, amma ba wadda ta sauka. Mutumin da ke tsawata wa ma'aikata talatin a ofis ya buɗe baki ya rufe, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Faɗi mana. Kalma uku ce."

Ya ciro waya. Ya danna, ya ja, ya juyo mata da fuskar wayar.

"Ga shi, na sa ki cikin iyali."

"Tare da masu fitsarin kwance?"

Ya sake ja, har hoton ya hau can sama, bisa nasa. Inna ta ƙura wa wayar ido, ta kira surukarta ta duba mata, don ba ta yarda da shi ba. Sannan ta gyara murya.

"Hadima, buɗe get."

Ƙarfe ya ja da baya a hankali har ƙarshe. Ta tsaya tana kallon titi, ta ɗaga wa matan bene hannu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tura masa jakar da ƙafa.

"Mayar min ɗaki. Matashin kai biyu ne a ciki, ka sa su inda suke."