Ƙwaya Biyu a Kowace Kwalba

Yayana Lukong ya mutu ya bar giya a bokiti. Shekara talatin ya yi a kamfanin giya a Duwala, da ya dawo gida Kumbo sai ya ci gaba da dafa 'yar tasa a bayan ɗaki. Ta ƙarshe ta nuna, saura ɗurawa a kwalba, ciwon sukari ya yi gaba da shi.

Matarsa Berinyuy ta ce ita za ta ɗura, abokansa su sha ranar taron makoki. Matar da ko warin giya ba ta so! Shekara goma tana gadin sukari a gidan nan kamar soja, kwali a akwati, makulli a haɓar zane. Ko ranar ɗuri ita ke ƙirga masa ƙwayoyin sukarin da zai jefa a kwalabe, ta tsaya a kansa kada wata ƙwaya ta bi ta baki.

Muna wanke kwalabe sai amininsa Pa Wirba ya leƙo.

"Mami, ƙwaya ɗaya a kowace kwalba, ita ke ta da kumfa. Ɗaya fa! Kika ƙara, kin haɗa bam."

"Ni za ka koya wa ƙirgar sukarin Lukong? Kama gabanka, Pa."

Yana fita na ga tana jefa bibbiyu.

"Mami, lafiya?" na tambaye ta.

Ba ta ɗago ba. "Ranar da zai tafi, shayi ya roƙe ni da ƙwaya biyu. Na ce likita ya hana. Haka ya sha shi lami ya juya wa bango fuska."

Na san ɓarna take yi, amma tausayi ya ɗaure mini baki. Ni ma na taya ta toshewa.

Kwana tara bayan nan, muna tuƙa tuwon masara da rana tsaka, sai muka ji tau! daga bayan ɗaki. Kafin mu miƙe, wata ta amsa. Haka kwalaben suka dinga fashewa, yau uku gobe biyar. Cikin ashirin da huɗu ɗaya ce ta kai ranar taro, ita ma sai da muka naɗe ta da buhu muka tsoma a ruwan sanyi. Berinyuy ta yi kuka har ta gode Allah. Cewa take ta hana shi yana raye, ta kuma ɓarar masa yana kwance.

A al'adarmu, a bakin kabari sai an fara zuba wa mamacin kafin masu rai su taɓa. Pa Wirba ya miƙa hannu nesa, ya kau da kai, ya ɓalle murfin. Kumfa ta yi tsiri ta malale a kan jar ƙasa, ba ta tsaya ba sai da kwalbar ta koma fanko.

Pa Wirba ya kife kwalbar ya girgiza.

"Kun gan shi ko? Lukong ke nan. Ya ji zaƙi, ko kurɓi bai rage mana ba."

Berinyuy ta share ido da bakin zane.

"Ku ƙyale shi ya sha," ta ce. "Yau ba zan hana ba."