Sikeli a Ƙarƙashin Amya

Shekara shida Tudorel yana rubuta wa kamfanonin birnin Kuluj manhaja, amma a wajen surukinsa Ilarie, tsohon mai kiwon zuma, har yau sunansa "mai danne-danne". Abin yana ci masa rai. Don ya ƙwaci mutuncinsa, ya sa sikeli a ƙarƙashin amyar da tsohon ya fi ji da ita, ya haɗa da wayarsa. Duk ranar da ƙudan zuman suka tashi ƙaura, nauyi zai canja, waya ta yi ƙara.

Kwana uku wayar ta hana kowa sakat. Ashe magen gidan ce ke hayewa kan amyar shan hantsi.

"Injinka ya gano muna da mage," in ji Ilarie. "Sannu da aiki."

Tudorel ya ƙulu, ya zauna gyara, ya kafa wa manhajar doka. Duk lambar da ta yi tsalle ta bar 'yan uwanta, a ɗauke ta ƙarya ce, a jefar, a cike gurbinta da matsakaicin na baya. Zanen nauyin ya kwanta sumul, har shi kansa ya burge shi.

Ran Lahadi suna cin tuwon masara da cuku, sai ga Florica maƙwabciya ta leƙo ta kan shinge.

"Ilarie, ƙudanka ne suka yi min dami a bishiyar tuffa?"

"Ba namu ba ne, Inna," Tudorel ya yi caraf, yana ɗaga mata waya. "Dubi layin nan, ko gezau!"

"Kin dai ji abin da ɗana ya ce," in ji tsohon.

"To, tsuntsu daga sama gasasshe!" Ta ruga neman akwatin da za ta zuba ƙudan.

Ɗana! Daɗi ya kama Tudorel, ya buɗe ainihin lambobin don ya ƙara nuna bajinta. Da ƙarfe sha ɗaya da rabi, kilo biyu sun ɓace lokaci guda. Manhajar ta ce ƙarya ne, ta jefar, tun daga nan kuma duk lambar da ta zo sai ta jefar da ita ma. Ya dubi surukinsa.

"Baba... namu ne."

"Na sani. Tun kafin mu zauna na ji amyar ta yi shiru."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In ƙaryata mijin 'yata a gaban Florica? Ai gara ƙudan su tafi." Ya tura masa kwanon cuku. "Ci ka ƙoshi. Kai za ka je roƙonsu, kuma matar nan ba ta taɓa mayar da ko cokali ba."