Amanar da Aka Ba Madugu Sodangi

Takarkarin da aka ce ƙanena Audi ya sace ya shigo kasuwar Sakkwato ranar Talata da ƙafafunsa huɗu, da taikin shinkafa biyu a bayansa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Mai shi, wani Bafulatani wai shi Tukur, yana jan igiya yana sunkuyar da kai don kunya. Ni Mode majemi da na gani sai na ɗauka magana ta ƙare. Wauta ce irin ta wanda bai taɓa shiga zauren alƙali ba.

Ga yadda abin ya faro. Audi ya tafi Dogon Marke, can ƙasar Gwandu, sayen fatu. A makon nan takarkarin Tukur ya ɓace. Tukur ya biyo sawu har Sakkwato, ya shigo majemarmu, ya tarar da fatar jan sa a shanye cikin fatun da Audi ya sayo, mai tambari irin na nasa, ya ɗora hannu a ka ya yi ta kururuwa har gaban alƙalin unguwarmu. Alƙali ya ce tun da can aka yi satar, can kuma shaidu suke, to can za a yi shari'a.

Sai dai wa zai kai Audi can? Shekarar nan dogarai sun bi rundunar yaƙi zuwa iyakar Gobir, 'yan tsirarun da suka rage ba mai tura su tafiyar kwana huɗu a hanyar da mutum ɗaya ba ya binta. Gidan yari kuma ya cika. Don haka aka yi abin da aka fara sabawa da shi: aka nemi madugun da ayarinsa ke bin hanyar, aka damƙa masa ɗaurarre da takarda. Takardar ta ba shi ikon ya sa masa marin ƙarfe a ƙafa, ya ciyar da shi, ya ɗora masa kaya a madadin abincin da yake ci, ya buge shi in ya yi gardama, har ranar da zai miƙa shi hannun alƙalin Dogon Marke. Madugu Sodangi ya dafa Alƙur'ani ya karɓa. Ya tafi da Audi zangonsa na Gawon Nama, bayan ganuwa, wai sai ayari ya haɗu.

Kwana ashirin da shida ayari bai haɗu ba. Maƙerin da ya buga marin ya matse shi da yawa, ƙarfe ya ci idon sawun hagu, ya zama gyambo. Ranar da takarkari ya dawo, ƙafar Audi ta kumbura har ƙwauri, tana ruwa, ƙuda na binta. Ni da na kwana na tashi cikin warin jima, sai da na kau da kai. An kuma ce ayari zai tashi ranar Asabar.

Laraba da hantsi na ja Tukur, Tukur ya ja takarkari, muka tafi wurin alƙali. Muka ɗaure dabbar a ƙofar zaure, muka tuɓe takalma muka durƙusa. Tukur ya yi bayani, ya ce sa ya bi wani garke ne ya ɓata, ya ce ya janye ƙara, ya roƙi gafara.

Alƙali ya saurara har ƙarshe, mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce, "Tukur, kai kac ce an sace, kai kuma kac ce ba a sace ba. Allah shi kiyaye gaba. Amma maganag ga ta hita hannuna. Na rubuta ta zuwa ga alƙalin Dogon Marke, na buga hatimi. Alƙali ba shi warware shari'ad da yam miƙa ga wani alƙali. Shi ka sakin Audi, ba ni ba."

Na ce, "Allah shi gahwarta Malam, ga takarkarin nan bakin ƙohwa shina cin harawa."

"Na ji kukanai tun ɗazu."

"To a aika ma Madugu shi maido yaron. Ƙahwatai ta ruɓe, in yat taka hanya ba shi kai ko'ina."

Alƙali ya gyara rawani. Ya ce, "Mode, da dogarina na, in aike shi in kira shi, ko ya kai rabin hanya. Sodangi ba barana na ba. Ɗan kasuwa na, mun ƙulla alkawali da shi gaban shedu, ya rantse. Ban da ikon sa mutum shi karya rantsuwatai."

Abin da ya iya yi shi ne ya sa magatakarda ya rubuta wata takarda zuwa Dogon Marke, cewa sa ya bayyana, mai ƙara ya janye. Na yi murna na ɗan lokaci, na tambayi wanda zai kai ta. Magatakarda ya dube ni kamar na tambayi inda gabas take. Wa ke bin hanyar in ba Madugu Sodangi ba?

Na biya ta gidan yari ko za a dace. Mai tsaron ƙofa bai ma bari na gama sallama ba, ya ce wanda bai kwana a gidansu ba, ba su san da zamansa ba. Na yi tunanin in kai takardar da ƙafata. Kwana huɗu zuwa, huɗu dawowa, in 'yan fashi sun bar ni, alhali kwana uku suka rage.

Alhamis muka tafi zango. Da Sodangi azzalumi ne mai zagi da hargagi, da na ji sanyi, don na san yadda ake yi da irinsu. Ina! Dattijo ne fari tas, mai sanyin murya, tasbaha ba ta barin hannunsa. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Ya karɓi takardar alƙali da hannu biyu ya sa a gafaka. Can gefe, ƙarƙashin rumfar jakuna, Audi yana kwance yana korar ƙuda da kara.

Na ce, "Madugu, ga mai sa, ga sa. Don Allah a kwance shi."

Ya ce, "Ɗana, wallahi tausai nai nika ji. Amma Audi ba nawa na ba balle in ba ka. Amana ta anka ba ni. In niz zo Dogon Marke hannu sake, mi za ni ce ma alƙali? Ni za a sa ma mari."

Tukur ya ce, "Ni na yahe, Madugu. In rantsuwa kaka so, in rantse."

"Kai kab ba ni shi?"

Tukur ya juya yana duban takarkarinsa.

Na ce to a ɗora Audi bisa jaki, kwana huɗu ne, ni zan bi su in riƙa wanke ƙafar. A nan ne Sodangi ya ɗan yi tari. Ya ce ai ba yamma za su fara yi ba. Gero ya yi daraja a Adar, za su yi arewa har Tawa su sayar, su ɗauko gishiri, sa'an nan su gangaro Dogon Marke. Wata huɗu, in Allah ya yarda. Jakuna kuma duk an ƙidaya musu kaya.

"Wata huɗu? Madugu, takarda ta ce ka kai shi Dogon Marke!"

"Za ni kai shi. Ba a yanka min rana ba."

Na miƙe tsaye, na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba. Ya bari na gama, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya ce in shanye furata. Takaicin da na ji ran nan har yau in na tuna sai haƙorana su haɗu. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma gugan yana yi maka addu'a.

Juma'a alƙali ba ya zama. Na wuni a zango ina wanke gyambo da ruwan bagaruwa, shi ne kaɗai maganin da majemi ya sani. Audi ya riƙa ba ni sallahu a kan matarsa Lami da 'yar gonarmu ta Dundaye. Na ce ya rufe mini baki.

Asabar da sassafe zango ya cika da kukan jakuna da ihun fatake. Aka jera kaya, kowane ɗan ɗauka ya tsaya gaban nasa da gammonsa. Mutum biyu suka ɗaga Audi tsaye, suka aza masa taikin gero. Ya yi taku uku, marin yana ƙara, ƙafar ta lanƙwashe, ya kife. Gero ya yi gefe guda, shi ya yi gefe guda.

Sodangi ya iso da sauri. Ya wuce Audi, ya tsuguna ya duba ko taikin ya yage. Sa'an nan ya miƙe yana duban layin 'yan ɗauka, yana neman kan da ba shi da kaya. Babu.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na sunkuci taikin na wurga shi a kaina, ko gammo babu. Shekara ashirin ina ɗaukar jiƙaƙƙun fatun shanu daga gulbi, taikin gero wasan yara ne. Na ce, "Wanga abu na? Don wanga za ka kashe ɗan Musulmi? Ƙaro wani in ɗauka, ka ji kunya!"

Bai ji kunya ba. Tasbahar ta tsaya a hannunsa. Ya zagaya ni a hankali, ya dubi wuyana, ya dubi ƙwaurina.

Ya ce, "Kai mi nai na?"

"Wa nai."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya matso kusa, ya rage murya, ya ce, "Alƙalin Dogon Marke bai taɓa ganin huskar Audi ba."

Da farko ban gane ba. Da na gane, sai dariya ta ƙwace mini, irin wadda ta fi kuka ciwo. Kwana uku ina yawo tsakanin zaure da zango. An ce mini hatimi, an ce mini rantsuwa, an ce mini amana ba ta komawa sai hannun mai ita. Sa ya dawo bai kwance ta ba, mai ƙara ya yafe bai kwance ta ba. Ashe wuya mai ƙarfi take jira.

Audi ya jawo jiki ya riƙe ƙafata. Ya ce, "Yaya, kak ka yi. Kana da iyali."

Na ce, "Ka kula da su in ka warke. Sake min ƙahwa."

Tukur, wanda ya biyo ni zango da takarkarinsa, kuma shi kaɗai zai iya tona mu a Dogon Marke, ya ɗaga kai yana kallon sama. Daga baya ya sauke shinkafarsa daga kan dabbar, ya ce takarkarin nan shi ya jawo wannan masifa, shi zai kai Audi gida.

Aka kira maƙeri. Bugu huɗu ya yi, ƙusa ta fita, marin ya buɗe, ya taho da fata. Audi ya yi ƙara ya suma. Maƙerin ya goge ƙarfen da ƙasa, ya juyo wurina. Na ce ya bar mini wurin yatsa biyu, in ba haka ba in na dawo sai na jeme shi. Sodangi da kansa ya tsaya ya ga an sassauta, yana cewa a yi a hankali, kada a ɓata masa ƙafa.

Muka yi arewa. Na ɗauki gero har Tawa, na ɗauko gishiri, wanda ya fi gero nauyi da mugunta, don in ka yi gumi sai ya ci maka wuya. Duk wanda ya kira Audi, ni nake amsawa. A wani zango na haɗu da wani bafatake daga Sakkwato, ya ce ya ga ƙanena zaune a ƙofar majema yana karce fata, yana ɗingishi amma ƙafar tana nan. Ran nan kaɗai na ci tuwon Sodangi na ji daɗinsa.

Wata huɗu da kwana tara muka shiga Dogon Marke. Alƙalinsu tsoho ne, yana zaune ƙarƙashin marke yana cin goro. Ya karanta takarda ta farko, ya karanta ta biyu. Ya ce, "Kai a Audi?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ba ka da laihi. A kwance shi." Bai ma gama tauna goron da ke bakinsa ba.

Ina zaune ana bugun marin, sai na ji tsohon yana sa wa Sodangi albarka. Ya ce a zamanin nan da amana ta yi ƙaranci, ga mutum ya riƙe ɗaurarre wata biyar ya kawo shi lafiya lau, har da ƙiba. Ya ce da yana da irinsa uku, da bai nemi dogari ba. Sa'an nan ya sa aka fito da wasu samari biyu da za a kai Sakkwato shari'a, aka rubuta takarda, aka kawo Alƙur'ani.

Na buɗe baki, na tuna sunan da nake amsawa da wanda zai koma cikin marin in na yi magana, na rufe.

Sodangi ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Ya karɓi takardar da hannu biyu ya sa a gafaka. Ina kallonsa ya zagaya bayan samarin a hankali, yana duba wuyansu.