Zalɓe da Rigar Mai Agogo

A bangon falonsu akwai wani firam da babu komai a cikinsa. Ya daɗe a rataye tsakanin taga da agogon bango, har fentin da ke bayansa ya fi na sauran bangon haske. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya ko hoton faɗuwa ya yi. Maigidan, wanda sana'arsa gyaran agogo ce, sai ya yi dariya ya ce, "Mai hoton ne bai yarda ba tukuna."

Mai hoton nan wani zalɓe ne da ke kiwo a tafkin bayan gidan famfon ruwa, can ƙarshen unguwa. Kullum da sassafe, kafin ya buɗe shago, mai agogo zai saka wata tsohuwar rigar kwat mai ruwan ƙasa, ya rataya kyamara da dogon gilashinta, ya saɓa ƙafa ukun da ake ɗora ta a kai, ya tafi ya zauna a kan wani dutse a bakin ruwa. Ya ɗauki hoton kurciya, ya ɗauki belbela da shirwa da tsattsewa, har hotuna suka cika akwati. Zalɓen ma ya ɗauke shi a tsaye ba adadi. Amma abin da yake so shi ne daidai lokacin da zai buɗe fukafukai ya tashi, ƙafafunsa ba su gama rabuwa da ruwa ba. Wannan kam ya gagara. Wata rana ƙafafu kaɗai za su fito, wata rana ruwa fayau babu tsuntsu.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan ce masa, "Malam, kai da zalɓen nan ban san wa ke gadin wani ba."

"Ke ma haka kika wahalar da ni," yakan ce, "ga ki kuma a ɗakina."

Babban faɗansu a kan rigar ne. Ta koɗe, kafaɗarta ta yage har Inna ta yi mata faci da koren zare don shi ne a hannunta ranar. Ta sayo masa sabuwa, ya rataye ta a bayan ƙofa. Ta ce to a bar ta ko wankewa ta yi, ya ce a'a, zalɓe ya san ta a haka. Ita kuwa ta ɗauka irin zancensa ne na tsokana.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Da mutane suka watse, gida ya yi shiru in ban da agogunan da ya bari suna ta ƙas-ƙas, Inna ta tattara tufafinsa ta ba maƙwabciya ta raba wa mabukata. Rigar kwat ɗin ce ta fara shiga jaka. Ba don ƙiyayya ba, ganinta a ƙusa ne ba ta iya jurewa.

'Yarsu guda ce, Auta, tana aikin jinya a wani gari. Ta ce ba za ta bar uwarta ita kaɗai da agogai ba, sai dai uwar ta koma wurinta da zama. Da ta zo taya ta haɗa kaya, ta sauke firam ɗin ta busa ƙurar kansa.

"Inna, mu sa hoton Baba a ciki mana."

Suka juye akwatin a kan tabarma. Tsuntsaye, tsuntsaye, Auta tana rarrafe, Inna tana shanya, sai tsuntsaye kuma. Hotonsa babu, sai ɗan ƙaramin nan na katin shaida, wanda ya fito kamar an kamo shi da laifi.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Inna. Ta karɓi firam ɗin ta mayar a ƙusarsa. "Wannan yana da mai shi. Ki ba ni zuwa ƙarshen wata."

"Inna, ke za ki ɗauki zalɓen? Abin da ya gagari Baba?"

"Shi haƙuri ne da shi. Ni taurin kai ne da ni. Ki bari mu gani."

Ba baƙuwa ba ce ga kyamarar. Ya sha zaunar da ita a bakin taga ya koya mata a kan kurciyoyin da ke sauka a wayar lantarki. A kafa ƙafa uku su zauna daram. A sa ido ɗaya a ramin leƙawa. A murɗa zoben gilashi a hankali har abu ya fito tar. "Idon tsuntsu za ki nema," yakan ce, "in ido ya fito, saura zai biyo. Sai ki riƙe numfashi ki danna." A lokacin tana yi ne don kada ya ji ba daɗi, hankalinta na kan tukunya.

Ta sa batir a caji, ta goge gilashin da ɗan ƙyallen da yake gogewa da shi. Washegari da hasken safiya ta kama hanya, kaya na dukan kwankwasonta. Tana zagayo ciyawar bakin tafki ta hango shi, dogo, siriri, mai ruwan toka, tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Ko ƙafa ukun ba ta sauke ba ya yi wani ƙara mai kaushi ya tashi, ya bar ta da rawar ruwa.

Haka aka yi ta yi. Ta canza mayafi zuwa baƙi, ya tashi. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ya tashi. Ta riga shi zuwa ta zauna a kan dutsen Malam, ya zo ya yi shawagi a samanta sau ɗaya ya wuce can ƙetaren ruwa, inda katangar gidan famfo ta tare shi. Gwiwoyinta suka fara ciwo. Maƙwabta suka fara magana ƙasa-ƙasa, wai rashin ya taɓa ta. Auta kuma tana bugo waya.

"Inna, na yi magana da mai mota. Asabar zai zo."

"Na ji."

"Kin samu?"

"Na samu mura."

Ana saura kwana kaɗan, da zalɓen ya sake ƙetarewa, sai ta ce yau kam sai ta ga abin da ke can da ya fi nan. Ta bi gefen ruwa, ta zagaya katangar, ta leƙa. Nan take ta dafa bango.

Malam ne zaune a kan benci, ya ba ta baya. Kafaɗun nan da suka ɗan ranƙwafa, rigar nan mai ruwan ƙasa, facin koren zare a kafaɗar dama. Zalɓen kuma yana tsaye kusa da shi, kusancin da ko kaza ba ta yi wa mutum, yana kallon ruwa abinsa.

Ta yi salati a fili. Zalɓe ya tashi, mutumin ya juyo. Tsohon maigadin gidan famfo ne, mai farin gemu da haƙora saura kaɗan.

"Baiwar Allah, lafiya? Kin kore min abokin hira."

Ta gaishe shi. Ya dubi kyamarar, ya dube ta, ya miƙe tsaye.

"Ashe matar Malam mai agogo ce. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutumin kirki. Kullum sai ya ɗago min hannu daga can, amma ba ya magana, wai kada tsuntsu ya ji."

"Amin, Baba. Rigar nan fa?"

"Wata ce ta kawo min, ta ce ta mamaci ce, a yi masa addu'a. Ban san tasa ba ce sai da na ga facin nan." Ya shafa kafaɗar. "Ai tun da na fara sa ta tsuntsun nan ya maƙale min. Da fari na ɗauka waliyyi na zama ban sani ba. Har na fara gyara zama."

Dariya ta kuɓuce wa Inna, hawaye na biye da ita. Wato da gaske yake. Duk shekarun nan ba rowa ba ce, ba tsokana ba ce. Zalɓe bai san fuskar Malam ba, rigar ya sani, wadda ke zuwa kullum ta zauna shiru ba ta taɓa jifansa ba.

Ta gaya wa tsohon komai, firam ɗin, da motar Asabar. Kunya na cin ta, don abin da aka bayar an bayar, amma ta daure ta ce, "Baba, ko za ka ara min ita na safiya ɗaya?"

"Haba, ara kuma? Ai taki ce."

Ya fara ɓalle maɓallai. A ƙarƙashi babu komai sai wata singileti da ta zama kamar rariya, ƙasusuwan ƙirjinsa a waje, ga iskar bakin ruwa. Ta kawar da kai.

"Mayar, Baba. Mayar da ita. Ni in na sa ta ma sai ta share ƙasa, zalɓe ya ɗauka buhu ne ke tafiya. Abin da nake so, gobe ka zauna inda kake, kada ka motsa."

"Zama? 'Yata, ai kin zo wurin gwani. Shi ake biyana in yi."

Da safe ta riga zalɓen isowa. Ta kafa ƙafa uku a bayan kusurwar katanga, ta yadda gilashin kaɗai ke leƙowa. Tsohon ya zauna a bencinsa ya ba ta baya. Rana ta fara taɓa ruwa. Ƙudan ruwa na yawo, wani kare na haushi can nesa, injin famfo na gurnani ƙasa-ƙasa. Ƙafarta ta yi sanyi har ta daina jin ta.

Sai ga inuwa ta gilma. Ya sauka a hankali, ya naɗe fukafukai, ya taka cikin ruwa taku-taku har ya zo dab da bencin.

Ta sa ido a ramin. Ta murɗa zoben, abu ya yi hazo, ta dawo da shi baya. Ga idon, rawaya, zagaye, ba ya ƙiftawa. Amma duk yadda ta karkata kyamarar, kafaɗar rigar na nan a gefe. Tsuntsun ya matse ta da yawa, ba a raba su. In ta matsa don ta cire ta, zai gan ta. Ta bar shi haka, ta riƙe numfashi, yatsa a kan maɓalli.

Zalɓe bai da niyyar tashi. Ya caki ruwa, ya haɗiye wani abu, ya sake tsayawa. Numfashinta ya ƙare, ta sake jan wani. Tana ganin bayan tsohon yana ɗan girgiza, yana kokawa da wani abu. Can dai ya kasa, ya saki atishawa wadda ta amsa har katanga.

Fukafukai suka buɗe, ta danna.

"Ki yafe ni!" tsohon ya ɗaga murya yana goge hanci. "Wallahi tun ɗazu nake riƙe ta!"

Ita kuwa tana duba ɗan allon bayan kyamara, ta kare shi da tafin hannu saboda rana.

A shagon wankin hoto, mai shagon ya buɗe shi a kwamfuta ya ɗan karkata kai. Fiffike ɗaya ya fito tar, ana iya ƙirga gashinsa, ɗayan ya yi hazo. Ƙafafun na ɗigar da ruwa. A gefen hagu ga bayan mutum cikin rigar kwat, kansa bai fito duka ba.

"Mama, tsuntsun ya yi kyau. Bari in yanke miki wannan tsohon da ya shigo ciki, yanzun nan."

"Ka taɓa shi ka gani," in ji Inna. "Wanke min shi yadda yake."

Ran Asabar Auta ta iso da mai mota. An fitar da katifa da tukwane da akwatin tsuntsaye, an naɗe agogai a cikin zannuwa. Ta shiga falo don ta sauke abin da ya rage a bango, sai ta tsaya cik.

"Inna! Ga Baba! Ina kika samo wannan? Yaushe aka ɗauke shi?"

Inna tana ɗaure bakin wata jaka. Ta ga yadda fuskar 'yarta ta yi, ta so ta bar ta a haka. Amma ba ta iya ƙarya ba ko tana yarinya.

"Maigadin gidan famfo ne. Shekaranjiya na ɗauka."

Auta ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan koren facin.

"Amma rigar tasa ce."

"Rigar tasa ce. Zalɓen ma nasa ne. Da yana nan da ya ce fiffiken dama ya yi hazo, a sake."

"Da kin ce masa me?"

"Da na ce ya je ya ɗauko wanda ya fi shi."

Mai mota ya danna hon a waje. Inna ta sauke firam ɗin da kanta, ta ƙi yarda a sa shi a baya cikin kaya. Ta zauna a gaba ta ɗora shi a cinya, kyamarar na rataye a wuyanta. Da suka fara tafiya ta juyo ta tambayi Auta ko akwai wani ruwa kusa da gidanta.