Minti na Goma Sha Huɗu

"Ɗaga ta can, Kawu, ƙafar gadon ta maƙale a tabarma," in ji 'yar Mai Agogo.

Mai Guga ya sunkuya ya ɗaga. Gadon ƙarfe ne, ga mai shi kwance a kai, amma bai ji nauyin da ya zata ba. Abin ya sosa masa rai.

"Ku bi a hankali," tsohon ya ce daga cikin bargo. "Ba buhun gawayi kuka ɗauko ba."

"Ai buhun gawayi ya fi ka nauyi, Yaya," Mai Guga ya ce. "Kuma shi ba ya surutu."

Suka ja gadon har gindin taga, 'yar ta tura murfin ya buɗe. Tsakanin tagar da ɗakin taron unguwa babu komai sai kwata da wata guntuwar katanga. Tun yanzu ana jiyo ƙarar jan kujeru. Yau da la'asar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa za ta nuna wasan Mai Agogo, karo na farko da za a ga wani abu nasa a kan dandamali, shi kuwa wata biyu ke nan ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba.

"Miƙo min na kan tebur ɗin nan," tsohon ya ce.

Mai Guga ya miƙa masa ƙaramin agogon. Tun da idon tsohon ya dushe ya cire masa gilashi, da ɗan yatsa yake lalubar lokaci. Ya ɗora shi a ƙirji.

"Za su buga ƙarfe in za su fara. Daga nan minti ashirin da biyu ne cif. Ba sai na gani ba, kunnena ya ishe ni. Kai dai je ka zame min ido."

Shekara arba'in Mai Agogo ya yi a rumfarsa yana gyaran agogon mutane. Da ido ya ƙi, ya dawo gida ya zauna, sai mutane suka fara magana a cikin kansa: masu gardama a layin famfo, direba da fasinjan da ya ƙi sauka, mata biyu a ɗakin jiran likita. Mai Guga kuwa, da katanga ɗaya ta raba su, sai da ya haura hamsin sannan ya shiga ajin manya ya koyi riƙe biro. Haka suka haɗa hannu. Kullum in ya kashe wutar dutsen guga sai ya shigo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wancan na faɗa, wannan na rubutawa, harafi bayan harafi, harshe a waje.

"Kafin ka gama rubuta sallamar mutumin nan ai ya tsufa," tsohon kan ce.

"To ka rage masa magana mana."

Ya kuwa rage. Wasanni bakwai suka yi cikin shekara uku, duk gajeru. Na bakwai shi ne na yau: wa da ƙane, shekara ashirin ba sa ga maciji da juna, suka haɗu a benci ɗaya a ƙofar ɗakin da mahaifiyarsu ke jinya. A minti na goma sha huɗu ƙanen zai ce, "Yaya, ka taɓa nemana?" Wan ba zai amsa ba. Minti ɗaya cur za a yi babu mai cewa uffan, sannan ya ɗan matsa, ya ba ƙanen wuri a bencin. Ranar da suka rubuta wurin, Mai Agogo ya juya fuska bango ya ce a tashi haka. Mai Guga ya san yana da ƙane da ya rasu a wani gari ba su shirya ba. Bai taɓa tambaya ba.

Darakta, shugaban ƙungiyar, a gaban rumfar Mai Agogo ya girma, tsohon ne ma ya koya masa duba lokaci. Da ya karanta wasan sai da ya miƙe tsaye.

"Baba, irin wannan ake nema yanzu! Jama'a sun gaji da tsofaffin wasannin nan masu mutum ashirin da awa uku. Wannan fa? Mutum biyu, benci ɗaya. Ko a makaranta, ko a tasha, ko a tsakar gida, sai mu sauke bencinmu mu yi."

Sai dai 'yan ƙungiyar ba su saba da takarda ba. Yadda suke yi, Darakta ya ba su labari a gindin bishiya, kowa ya hau dandamali ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Mai Agogo ya san haka, shi ya sa ya kafa sharaɗi: kada a ƙara kalma, kada a rage, shirun nan kuma a bar shi minti ɗaya.

Darakta ya dafa ƙirji. "Baba, ko wasali ba zan taɓa ba. In na taɓa, kar ka ƙara amsa gaisuwata."

Da zai tafi ya roƙi aron tsohon kwat ɗin Mai Agogo da tabaransa, wai don wan ya fito da kamala. Tsohon da kansa ya ce a ciro masa su daga akwati.

Mai Guga ya samu wuri a layi na uku. Ɗakin ya cika har tagogi. Aka buga ƙarfe, ya san can bayan katanga wani yatsa ya sauka a kan agogo.

Wanda ya fito a matsayin wan shi ne Kafi-Rediyo, ɗan wasan da ko tsayuwa ya yi sai an yi dariya. Ya shigo cikin kwat ɗin, tabarau a ƙarshen hanci, yana jan ƙafar hagu, ya tsaya ya yi ɗan tarin nan sau biyu. Duk wanda ya taɓa kai gyaran agogo ya san tafiyar, ya san tarin.

"Mai Agogo!" wani ya ƙwala daga baya. Ɗaki ya ɗauka.

Mai Guga ya sunkuyar da kai. Ya ce a ransa, watakila shigowar ce kawai. Kuma da aka shiga magana, kalmomin nasu ne, waɗanda ya rubuta da hannunsa, har yana motsa baki tare da su. A hankali dariyar ta lafa. Wata mata kusa da shi ta daina ba ɗanta baki, ta zuba ido. Ƙanen ya zo ya tsaya a ƙarshen bencin, muryarsa ta yi ƙasa.

"Yaya, ka taɓa nemana?"

Ɗakin ya yi tsit. Mai Guga ya fara ƙirgawa a zuci. Ɗaya, biyu, uku. Bai taɓa jin mutum ɗari biyu sun yi shiru tare ba. Bakwai, takwas. Sai ya hango Darakta a gefen labule yana kaɗa hannu, yana murza yatsu, alamar da suka saba da ita ta a zuba magana.

Kafi-Rediyo ya gyara tabarau, ya leƙa fuskar ƙanen kamar mai duba cikin agogo.

"Na neme ka mana! Har bayan agogon bango na buɗe na duba, ban gan ka ba!"

Dariyar da ta tashi sai da kwanon rufi ya amsa. Ya ƙara tarin, ya ciro sukudireba daga aljihun kwat zai kwance kan ƙanen ya ga abin da ya lalace. Aka yi ta tafi ana kiran "Mai Agogo! Mai Agogo!" Ba wanda ya matsa wa wani a benci. Wasan ya kai minti arba'in.

Mai Guga ya samu Darakta a bayan labule yana goge wuya da tawul.

"Kawu! Ka ga aiki? Har makarantu biyu sun ce mu je musu."

"Ka dafa ƙirji," Mai Guga ya ce.

"Haba Kawu. Shiru a dandamali ai mutuwa ne. Ka bar mutane minti ɗaya, cewa za su yi yaron ya manta, su fara jifa da bawon gyaɗa. Mu muka san jama'a. Shi Baba yana ɗaki."

"Sukudireban fa? A aljihu ya tsiro?"

Darakta ya kau da kai. "Ka ce masa an yi yadda ya ce. Me zai ƙare shi da sani?"

"Tagarsa a buɗe take."

Hannun Darakta ya tsaya da tawul ɗin. Sai wani ya kira shi daga waje, ya amsa da ƙarfi, ya fita.

Mai Guga ya bi doguwar hanya zuwa gida, yana harhaɗa ƙaryar da zai yi. A ƙofa 'yar ta tare shi, fuskarta kamar an yi mata albishir. Ita ba ta taɓa karanta wasan ba, hidimar jinya ba ta bar ta ba.

"Kawu, ka ji yadda ake kiran sunan Baba? Wallahi har kuka na yi a kicin!"

Ya gyaɗa kai ya wuce ciki. Tsohon na nan yadda ya bar shi, sai dai agogon yana kife a kan bargo.

"Yaya, an yi lafiya, jama'a sun..."

"Zauna. Shekara talatin muna maƙwabtaka ba ka yi min ƙarya ba, kuma ba ka iya ba." Numfashinsa na fita da ƙyar. "Daƙiƙa tara. Na ƙirga. Me ya ce?"

Mai Guga ya faɗa masa. Bai faɗi tarin ba, bai faɗi jan ƙafar ba.

"Da kwat ɗina ya yi?"

"Da shi."

Tsohon ya daɗe yana lalubar bakin bargo. "Taran nan fa? Kafin ya yi magana. Yaya ɗakin yake?"

"Ko tari babu, Yaya. Wata mata kusa da ni hannunta a baki. Da an bar su, da sun kai."

"Da sun kai," ya maimaita. Ya juya kai wajen bango. "Sauran shidan suna cikin akwati. Kwashe su ka kai ɗakinka. Kar yaron nan ya gan su."

Mai Guga ya dubi akwatin, ya dubi ƙofa inda 'yar ke tahowa da ruwan zafi. A ce ya buɗe akwatin mara lafiya a gaban 'yarsa, ya fita da kaya a hammata, mai shi na numfashi? Kamar ya riga ya yanke masa ƙauna ke nan. Kunya ta rufe shi.

"Gobe, Yaya. Ai suna nan, ba gudu za su yi ba."

Gobe ta zo da zazzaɓi, tsohon bai gane kowa ba, dangi suka cika ɗakin. Jibi da hantsi, Mai Guga na tsakiyar guge wata farar riga, ya ji kukan 'yar ta bayan katanga. Ya ajiye dutsen a kan rigar, sai da ƙauri ya tashi sannan ya tuna.

A rana ta uku da rasuwar, Darakta ya zo gaisuwa da 'yan ƙungiyarsa. Ya kawo kwat ɗin a ninke cikin leda. Ya durƙusa gaban 'yar da baffanninta, ya yi magana mai daɗi, har muryarsa na rawa. Ya ce unguwa ta yi rashin uba. Ya ce Allah ya sa Baba ya ji sunansa a bakin jama'a kafin ya tafi. Ya ce ya ji akwai sauran wasanni, kuma alkawari ne ya ɗauka, ba zai bar su su ruɓe a akwati ba.

'Yar ta share ido ta tashi ta shiga ɗaki.

Mai Guga na gefe da buta a hannu, yana zuba wa baƙi ruwa. Ya matso.

"'Yata, dakata. Marigayi ya ce ni zan ajiye littattafan nan."

Wani baffanta, wanda sau ɗaya ya leƙo duk tsawon jinyar, ya ɗago kai. "Malam, ba kai ne mai guga ba? A gaban wa ya faɗa?"

"Mu biyu ne."

"To." Baffan ya dubi sauran mutane. Kalmar ta fi mari.

"Kawu, kar ka damu," 'yar ta ce a tausashe, littattafan shida a ƙirjinta. "Na san wahalar da ka sha a kansu. Amma a wurinka ajiya kawai za su yi. Shi kuwa ka ga yadda ya faranta wa Baba rai."

Mai Guga ya buɗe baki. In ya faɗa, zai ƙwace mata abu ɗaya da take riƙe da shi tun shekaranjiya, cewa mahaifinta ya tafi da farin ciki. Ya dubi Darakta. Darakta na duban tabarma.

Ta miƙa, ya karɓa da hannu biyu.

Mai Guga ya bi su har ƙofar gida, bai san dalili ba. Rana ta take, babur ɗin Darakta ya daɗe a cikinta. Ya taɓa sirdin ya janye hannu da sauri, ya yi tsaki. Ya waiga hagu da dama, sannan ya jera littattafan a kai, ya daidaita su da tafin hannu, ya hau ya zauna. Kafi-Rediyo ya ɗare baya.

Babur ɗin ya bi layin a hankali yana kauce wa ramuka, gefen wani shafi ya leƙo ta ƙarƙashin rigar Darakta, iska na kaɗa shi. Mai Guga ya tsaya har suka sha kwana. Butar da ke hannunsa ta karkace bai sani ba, ruwan na zuba siriri a kan takalman masu gaisuwa.