Farantin Mymoena

Kwana uku farantin Mymoena ya yi a jirgin su Galiema, kuma kwana ukun nan ko ruwan buɗa-baki ba ya wuce mata wuya da daɗi.

A Hout Bay, garin masunta na bakin teku, in azumi ya kama, maƙwabciya ta kawo miki faranti kafin magariba, to washegari ki mayar mata da shi da abin hannunki a ciki. Wadda ta mayar da shi wayam, ko ta riƙe shi, ta faɗa wa unguwa ke nan cewa ita ta sadaka ce. Abin da Galiema ke gudu ke nan tun ranar da mijinta Toyer ya sayar da gidansu na Wynberg ya sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska, wai za su zaga duniya da tsufansu. Duniyar ta tsaya a tashar masu kamun kifi. Nan sanyin Yuni, wanda shi ne hunturun ƙasar, ya riske su a ɗaure jikin gadar katako, ƙyallen jirgin a naɗe, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa.

Da safe rufin ɗakin ɗiga yake yi, numfashinsu ne ke taruwa ya dawo musu a fuska. Bargo da danshi, sallaya da danshi, ashana sai a cikin kwalba. Takalman Galiema na zuwa biki sun yi fumfuna har sun canza launi, ta cusa su ƙarƙashin gado don kada ta riƙa ganinsu.

Duk unguwar kan tudu, Mymoena mai sayar da kifi ce kaɗai ta sauko da faranti. Samosa shida, da zafinsu.

"Ungo, ƙanwata, ki ɗumama ciki," in ji ta, tana leƙen ɗakin. "Kai! Wannan akwatin naku ko kare ba zai yarda ya kwana ciki ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, bakinta ne haka. Amma maganar ta zauna wa Galiema a ƙirji.

Washegari iskar arewa ta taso, jirgi ya dinga tangaɗi har kofuna na faɗowa. Galiema ta ɗauko kwalbar mai, Toyer ya riƙe mata hannu.

"Mai a wuta, cikin wannan rawar? Bari in fita tukuna, sai ki ƙona abinki."

"Abina? Ni na saye shi?"

Bai saki kwalbar ba. Haka iska ta kwana biyu. Duk yamma in Mymoena ta wuce kan gada da bokitinta, Galiema sai ta durƙusa ƙasan taga kamar ɓarauniya, mace mai jikoki huɗu.

Ran Alhamis iska ta kwanta. Tun azahar Galiema ta fito da garin wake da alayyafo da albasa da barkono, za ta yi daltjie, ƙosan da duk Wynberg suka san hannunta a kai. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke akwai feda biyu. Ka taka ta hagu, ruwan sha ya zo daga tanki. Ka taka ta dama, ruwan teku ya zo, na ɗauraye kwanuka, don kada tanki ya ƙare. Ranar nan safa uku ne a ƙafarta, ga takalman robar Toyer a kai, yatsun sun daskare ba ta ma jin su. Ta tara kwano, ta taka, ta kwaɓa, ta barbaɗa gishiri da hannu.

"Ki ɗan taɓa a harshe ki tofar mana," in ji Toyer. "Malamai sun yarda."

"Uwata ba ta taɓa ɗanɗana girki da azumi ba, ni ma ba yau zan fara ba. Shekara arba'in ina wannan abu, malam kyaftin. Je ka duba igiyarka."

Daltjie ya tashi jawur, har ashirin da huɗu. Ta jera ashirin a farantin Mymoena, ta rufe da tsumma mai tsabta, ta bar musu huɗu. Ta hau tudu cikin yayyafi, kanta a sama.

Ɗakin girkin Mymoena ɗumi, tebur cike da farantan maƙwabta.

"Iye! Matar kyaftin da kanta! Na ce ko kun tafi Makka da farantina."

"Iska ce, Yaya. Ga ɗan abin da ya samu."

Mymoena ta ɗaga tsumman ta yi guɗa. "Ɗan abu? Wannan ai na gidan biki ne. Ashe akwatin nan yana girki!"

Galiema ta sauko da sauƙin jiki, rabonta da jin haka tun Wynberg.

Aka kira magariba. Suka ci dabino, suka sha ruwa. Toyer ya ɗauki daltjie ɗaya ya jefa baki. Ya tauna, ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye da ƙyar don a zauna lafiya.

"Galiema. Wace feda kika taka?"

Ta gatsa nata. Gishiri ya fara dukanta, sai ƙarnin kifi, sai wani ɗaci na man inji. Ruwan tashar nan ne, inda ake zubar da hanjin kifi, inda jiragen kamun kifi ke wanke cikinsu. Ta tofar a tafin hannu ta zauna tana kallon abin.

"To ai an soya," in ji Toyer a hankali. "Wuta ta kashe komai."

"Rufe min baki."

"Ki bari da safe in je in ce laifina ne. In ce na juya bututun."

"Ka sayar da gidana, yanzu kuma ka yi min ƙarya da azumi a baki? Miƙo min mayafina."

Ta yi sallah, ta sake hawa tudun, wannan karon tana bin jikin bango. Mymoena ta buɗe ƙofa da kofin shayi a hannu, ta dube ta, sai dariya ta kuɓuce mata.

"Na ce yarinyar nan ta tuna ni mai kifi ce, ta soyo min teku gaba ɗaya!"

"Yaya, ki yafe ni. Feda na kuskure. Ba ni sauran in zubar."

Dariyar ta tsaya. Mymoena ta ajiye kofin.

"Wane saura? Biyu na ajiye. Sauran na raba a farantan mutane, gida shida." Ta sosa goshi. "Kuma na ce musu hannun Galiema ce ta cikin jirgi. Na ga ba wanda ya san ki. Na ce in suka ci, gobe su ma sa fara sauko miki da nasu."

Galiema ta dafa ƙofa. Da zagi aka yi mata da ta san abin da za ta mayar. Gida shida, masu azumi, da tsofaffinsu da baƙinsu, kowa ya kai abin nan baki yana ambaton sunanta.

"Ki shigo ki sha shayi. Gobe a manta."

"Ba a mantawa, Yaya, kin fi ni sani. In na koma jirgin nan yau, ba zan ƙara fitowa ba. Nuna min gidajen."

Mymoena ta dube ta daga sama har takalman robar, sannan ta jawo rigar ruwanta daga ƙusa.

"To mu fara da Hajiya Rugaya, bakinta ya fi nawa. In kin tsira a nan, sauran wasa ne."

Gida na uku ne a layin, mai koren ƙofa. Galiema ta ɗaga hannu, ta sauke, ta sake ɗagawa ta ƙwanƙwasa.

"Wa ye?" in ji wata murya daga ciki. "In mai daltjien nan ce, ta shigo, dama nemanta nake!"

Galiema ta cire takalman a bakin ƙofa, ta yi sallama.